Ruwan Asusun Hajiya

Abin da na fara gani ranar da Mama ta kai ni gidan Hajiya a Barnawa shi ne wata baƙar leda rataye a ƙusa, a bangon bayan kicin, daidai inda ake jingine tsintsiya da abin kwasar shara. An ƙulle bakinta tamau. Na ɗauka ƙayar kifi ce ko ɓawon albasa ake jira a zubar. Lokacin na gama firamare ke nan. Mama kuwa ta daɗe tana yi wa gidan wanki da girki, kullum daga unguwar Nasarawa take zuwa, wata rana a keke, wata rana a ƙafa idan kuɗin keken ya shige cefane.

Hajiya na zaune kan darduma a baranda da carbi a hannu. Tsohuwa ce mai ƙaramin jiki, an ɗaure ƙafar tabaranta ɗaya da baƙin zare. Na durƙusa na gaishe ta da muryar da ni kaina ban ji ta sosai ba.

"Ita ce 'yar bokon?" ta tambayi Mama.

"Ita ce, Hajiya."

"Ba ta magana ne?"

"Tana yi, amma sai a takarda."

Hajiya ta yi dariya, sannan ta nuna bayan kicin da haɓa. "Ga abin nan can, ki ɗauka in za ku tafi. A kai ta makarantar da kika ce."

Mama ta zube gwiwa biyu a ƙasa, ta buɗe baki za ta fara godiya. Hajiya ta ɗaga hannu da sauri kamar wadda za a watsa wa ruwan zafi.

"A'a, a'a! Tashi. Na gaya miki kada ki gode min, in kika gode kin ja min. Ba kyauta ba ce, ba sadaka ba ce. Kuɗin ruwa ne, fitar da shi nake yi daga gidana."

Da muka koma ɗakinmu Mama ta kwance ledar a kan katifa. Sababbin takardun kuɗi ne, ko lanƙwasa babu. Da ta fita ɗora tukunya sai na lallaɓa na taɓa su da bayan hannu, in ji ko da danshi. A bushe suke ƙayau. Na ɗaga ɗaya na sansana. Na kasa haƙuri, na bi ta waje na ce, "Mama, a wane ruwa aka tsamo su?" Ta yi dariya har hayaƙin murhu ya sarƙe ta.

A hankali na gane yadda abin yake. Mijin Hajiya ma'aikacin gwamnati ne. Da ya yi ritaya aka biya shi kuɗin sallama, ya zuba a asusun ajiya da sunanta, bai daɗe ba ya rasu. Duk ƙarshen wata banki yana ɗora wani abu a kan kuɗin, shi ne ruwan. A addinin Hajiya haramun ne ta ci. Ta tambayi wani malami a Tudun Wada ya ce kada ta ci, kada kuma ta bar wa banki, ta cire shi ta ba mabuƙaci ko ta sa a aikin jama'a, amma kada ta sa ran lada. 'Ya'yanta mata sun sha ce mata ta mayar da kuɗin bankin da ba ya ba da ruwa, ta ce inda marigayi ya ajiye abu ba ita za ta ɗaga ba. Saboda haka sau ɗaya a wata take zuwa banki, ta ciro na cefane ta sa a jaka, ta karɓi na ruwa da hannun hagu ta sa a leda. Ledar ba ta taɓa kwana a cikin ɗaki ba.

Kafin ni, da kuɗin ake yashe kwatar layinsu. Mai wankin motar gidan kusa ne ya gaya min, ba da mugunta ba, yana ta murza taya. Ya ce tun da aka sa ni makaranta kwatar take cika duk damina. Na yi murmushi don na ga yana jiran in yi. Na daɗe ba na son bi ta gefen kwatar nan.

Babana ba shi da abin da zai ƙara. Tun kafin a haife ni masaƙar da yake aiki ta rufe, ya koma noma a gonar aro a Kakau. Yakan zo da buhun masara a bayan babur, ya kwana biyu, ya koma. Ranar da Mama ta gaya masa daga ina kuɗin makarantata zai riƙa fitowa, ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce, "To, abin da wani ya zubar." Bai ƙarasa ba. A coci ma Mama ba ta taɓa ba da shaida a kai ba, ita da take tashi ta ba da shaida ko ciwon haƙori ne ya sake ta.

Makarantar ta wata coci ce a cikin Barnawa, mai yunifom shuɗi da farar safa. Yawancin 'yan ajinmu 'ya'yan ma'aikata ne, ana sauke su a mota. Ni ina sauka daga keke a bakin titi in goge ƙurar takalmina da ganye kafin in shiga. Ba ni da ƙawaye da yawa, ba don ana guduna ba, ni ce ban iya fara magana ba. Lissafi ya fi min sauƙi. Da muka zo darasin ribar ajiya, malaminmu ya rubuta a allo cewa abu uku ne ke haifar da ita: uwar kuɗi, da tsawon lokaci, da kason da banki ya yanka. Na cinye duka tambayoyin, har ya sa aka tafa min. Ina zaune ina jin kunya kamar an ɗaga min siket, don ni kaɗai na san amsar da ke allon ita ce safar da ke ƙafata.

Ran Asabar nakan bi Mama in taya ta shanya. Da idon Hajiya ya ƙara rauni sai karanta saƙonnin waya ya zama aikina. Takan miƙo min wayar ta ce, "Zo, 'yar boko, duba min wa ke nemana." Yawanci gaisuwar Juma'a ce da ta kwana, ko sanarwar biki. Amma Asabar ta farko a wata akwai saƙon banki. In na karanta adadin ruwan sai ta kawar da kai, ta nemi tsari daga Shaiɗan, ta ce, "Kin ga masifa, kullum ƙaruwa yake." Ni kuma in sunkuyar da kai don kada ta ga fuskata. Na koyi karanta wannan saƙon da murya irin ta mai karanta sanarwar rasuwa.

Haka muka yi shekaru. Hajiya ba ta taɓa tambayar sakamakona ba, kuma na gane dalili. In ta tambaya, ya zama tana bibiyar alherin da ta yi, ita kuwa ta ce ba alheri ba ne. Amma duk Sallah tana ɗinka min kaya tare da jikokinta, wannan kam takan bari in gode, har ta ce, "Ƙara, ban ji ba."

Ina aji shida na sakandare autanta ya dawo daga hidimar ƙasa. Dogo ne siriri, mai yawan dariya, ba ya wuce mutum bai tsokane shi ba. Yana kiran Mama "Maman gida", ni kuma "Farfesa". In ya tarar da ni ina karatu a kan dakalin bayan kicin sai ya leƙa littafin ya ce, "Farfesa, ki yi a hankali. Ni ma haka na yi, ga ni nan ina gadin rimot." Yana neman aiki da gaske. Na sha goge masa farar riga zai je ganawa, ya dawo da yamma ya rataye ta ya koma gaban talabijin.

A lokacin gwiwoyin Hajiya suka matsa mata, hawa matakalar banki ya zama aiki. Sai ta sa aka yi mata katin cire kuɗi, ta damƙa wa autan. Ba zan ce ya ci amanarta ba, don bai ci ba. Duk abin da zai cire sai ya leƙa ɗakinta ya faɗa.

"Hajiya, zan sa data."

"Sa mana."

"Hajiya, man janareta."

"To."

"Hajiya, aski. Kin ga kaina kamar na mai gudun bashi."

"Tafi can, shashasha."

A bakin layinsu akwai wata mai POS a ƙarƙashin jar lema. Nan yake zuwa, ya ciri abin da bai taka kara ya karya ba, na tsire, na keke, na katin waya. Ba ya son yawo da kuɗi a aljihu, ya ce in suna jikinsa abokai ne ke cinyewa. Wayar Hajiya ta koma ƙara kamar tsuntsuwa. In na zo ran Asabar sai in tarar da saƙonni jere, in karanta mata, ta ce, "Na sani, ya gaya min. Wuce."

Watan farko da ruwa bai shigo ba, na yi ta jan saƙonnin sama da ƙasa.

"Babu, Hajiya."

"Duba dai."

"Na duba."

"To, ko sun makara."

Na fita shanya, na dubi ƙusar. Tsumman goge-goge aka rataye a kai. Wata na biyu ma haka. Mama ta ga abin da na gani, amma ko a hanya ba ta ɗaga maganar ba, sai ta fara lissafin abin da za ta rage a cefane da ƙarfi, kamar da kanta take yi. Kuɗin zangon farko an riga an biya. Abin da ke gabanmu shi ne rajistar jarrabawar kammala sakandare. Wanda bai biya ba kafin a rufe, ba a tura sunansa, sai wata shekara, kuma makarantar ba ta barin a maimaita aji kyauta. A gidanmu wata shekara tana nufin babu.

Hajiya ce ta fara damuwa, amma ba irin tamu ba. Tsoronta kada banki ya daina ware ruwan, ya riƙa cakuɗa shi da uwar kuɗin ba tare da ya faɗa ba, ta zo tana cin tuwon haram ba ta sani ba. Ta kwana biyu ba ta cin abinci sosai. Wata ranar Laraba da muke hutun tsakiyar zango, autan ya tafi Abuja ganawa, sai ta ce in zo in riƙe mata hannu mu je.

Sanyin cikin bankin ya sa na ji ƙafafuna tsirara. Muka zauna gaban wata ma'aikaciya mai dogayen farce, da ƙaramin gicciye a sarƙar wuyanta. Daga jin Hausarta na san 'yar wajenmu ce. Hajiya ta yi mata bayani tiryan-tiryan, har da malamin Tudun Wada. Matar ta danna na'urarta, ta ɗan ja tsaki na tausayi.

"Mama, ba a cakuɗa ba. Ba a ba ki ba ne gaba ɗaya."

"Kamar yaya?"

"Asusun ajiya ne ai. Ƙa'idarsa, in aka cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata, ruwan wannan watan ya tafi."

"Ko da kuɗin suna nan?"

"Ko da suna nan. Ba yawan abin da aka cire ake dubawa ba, sau nawa aka taɓa. Wanda ya ciri kuɗin mota sau ɗaya zai samu ruwansa. Wanda ya ciri na ƙosai sau biyar ya rasa. Ko a nan ciki ne, ko a na'urar waje, ko wurin mai POS, duk ɗaya ne." Ta juyo da fuskar na'urar kaɗan. "Kin ga nan, kusan kullum ne. Wa ke riƙe da katin?"

"Autana."

"Ai kuwa ya yi miki asara, Mama. Ki ce masa ya riƙa cira a dunƙule. In ya kiyaye, wata mai zuwa zai dawo. Na baya dai ya wuce, ba a biya."

Ina tsaye a bayan kujerar Hajiya, ina kallon bayan kunnenta inda zaren tabarau ya yi mata shaida. Na ga kafaɗunta sun sauka. Na ɗauka baƙin ciki ne. Sai na ji ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta sake faɗa, ta ɗaga tafukanta ta shafa a fuska.

"Yarinya, maimaita min. In ana taɓawa, ba sa sa min komai?"

"Ba sa sawa."

"Ko sisi?"

"Ko sisi, Mama."

"Ashe abin da sauƙi haka! Shekara da shekaru ina ɗaukar wannan ƙazanta da hannuna, ashe maganin yana bakin layinmu a ƙarƙashin lema. Allah ya yi wa yaron nan albarka. Kai, Allah ya yi masa albarka."

Ma'aikaciyar ta saki baki, sannan ta yi dariya. "Tun da na fara aikin nan ban ga wanda aka gaya wa wannan ya yi hamdala ba. Jiya wani har tebur ya buga min." Ta dube ni don in taya ta dariya. Na taya ta.

A bakin banki Hajiya ta tsayar da mai yogot ta saya min mai sanyi, ta ce in sha, yau ranar farin ciki ce. Muka shiga keke. Tana ta ba mai keken labari, shi kuma yana cewa "Ikon Allah" yana kauce wa ramuka. Sai da muka kusa gida ta juyo ta ga robar a cinyata ban buɗe ba. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, don yatsanta ya tsaya a kan carbi.

"Af," ta ce. "Ke kuma fa."

Na ci gaba da kallon robar.

"Kada ki damu, 'yar nan. Wanda ya kawo ki aji shida ba zai bar ki a hanya ba. Allah zai buɗa wata ƙofar, mai tsabta ma."

Ba ƙarya take yi ba, haka ta yi imani. Kuma ba marowaciya ba ce. Washegari ta ba Mama turmin atamfa da kwanon shinkafa, ta bari aka gode mata. Amma na san inda kuɗinta mai tsabta yake zuwa, don ni nake karanta saƙonnin. Akwai marayun ƙanin mijinta a Tudun Wada, akwai wata ƙanwarta a Makera da ake wanke wa ƙoda, akwai jikoki, akwai autan. Kowane kwabo mai tsabta yana da mai shi tun kafin ya fito. Mai dattin ne kawai ba shi da kowa, shi ya sa ya zo hannuna.

Da autan ya dawo daga Abuja, ba a ɗauke shi ba, Hajiya ta tare shi da labarin tun bai cire takalmi ba. Ya yi dariya har ya riƙe ƙofa.

"Wato duk tsiren nan da nake ci ibada nake yi?"

"Ka ci gaba, ɗan albarka. Kai ne sabulun dukiyata."

"Maman gida, kin ji ko? Daga yau a riƙa kirana Ustaz."

Mama tana tsane shinkafa a bakin famfo. Ta ce, "Mun ji, Ustaz," ta yi dariyar da ake biyanta albashi a kai. Ban sani ba ko ya san inda ruwan yake zuwa a da. Yana jami'a lokacin da aka fara, kuma a gidan ba a maganar ledar, kamar yadda ba a maganar abin da ke cikin kwandon shara.

A hanyar gida na ce wa Mama ko za ta yi wa Hajiya magana. Ta tsaya cak a gefen titi, ta juya yarenmu, wanda ba ta yi sai ranta ya ɓaci.

"In ce mata me? In ce, Hajiya, ki koma ɗaukar abin da kike gani zunubi ne saboda 'yata? Ko in ce ta ba ni bashin abin da ta ce min tun farko ba kyauta ba ne? Wanda aka hana shi godiya, an hana shi roƙo. Ba ki gane ba tun ranar?"

"To ta ba mu daga nata."

"Ta san muna nan. Ta ga idonki a keke, ke kika gaya min. In za ta bayar, da ta bayar. Kada ki sake ki buɗe baki a gidan nan, kin ji ni? Aikin nan shi ne abincinmu."

Ta yi abin da za ta iya. Ta roƙi matan adashinsu na coci aka ba ta ɗaukar da ba tata ba. Ta sayar da atamfar da Hajiya ta ba ta, ba ta ko warware ta ba. Babana ya zo da abin da ya samu na masara, ya ajiye a kan katifa, ya fita waje ya zauna a kan babur ɗinsa har aka gama ƙirgawa. Da aka haɗa duka, saura kaɗan. Na duba abin da ya rage, na san shi kamar yadda na san lambar takalmina. Bai kai ruwan wata ɗaya ba.

A makaranta aka fara kiran sunaye a taron safe. Mataimakiyar shugaba takan karanta waɗanda ba su kammala biya ba, mu fito mu tsaya a gefen tankin ruwa har a gama addu'a. Da farko muna da yawa, ana ta zolayar juna. Kullum muna raguwa. Da muka rage kaɗan sai zolayar ta ƙare, kowa ya riƙa kallon gabansa. Akwai wata 'yar tsaga a jikin tankin da ruwa ke tsattsafowa, tururuwa na zagaye ta, ita nake kallo. Mataimakiyar ta ce makon farko na wata mai zuwa za a tura sunaye, wanda bai kawo cikon ba kada iyayensa su zo suna kuka a ofis.

Na yi lissafin a kan hanya, ba ya buƙatar takarda. Banki yana sa ruwa a ƙarshen wata. In wannan watan ya wuce ba a taɓa asusun fiye da sau huɗu ba, ruwan zai shigo. In ya shigo, Hajiya ba za ta bar shi ya kwana cikin kuɗinta ba, za ta nemi tsari, ta sa a ciro, ta ce Mama ta ɗauka. Ranta zai ɓaci. Za ta ce ƙazantar ta dawo, wataƙila ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Na san wannan duka, na kuma san ni zan karanta mata saƙon.

Asabar ta farko a watan ta miƙo min waya kamar kullum. Na karanta gaisuwar Juma'a, na karanta sanarwar suna. Saƙon cire kuɗi uku ne, na man janareta, na data, da wani ƙarami da ban san na mene ne ba.

"Ustaz yana aiki," in ji Hajiya, tana murmushi.

Ina cikin shanya zannuwan gado na ji ƙarar silifas ɗinsa. Ya leƙa tagar uwarsa.

"Hajiya, zan karɓo na aski."

"A dawo lafiya."

Mama tana cikin kicin, ta ba ni baya, tana soya albasa. Na ajiye bokitin a hankali don kada ya yi ƙara, na goge hannuna a siket, na bi shi. Ban taɓa fita daga gidan ba sai an aike ni. Yana tafe yana danna waya, ni ina bayansa da 'yar tazara, ina shirya maganar a baki tana rushewa. Sau biyu na juya zan koma.

Na same shi a ƙarƙashin lemar, ya riga ya zaro katin. Mai POS ɗin, wata mai jiki da hular gashi ja, tana ce masa, "Oga, yau ma na aski ne? Kai kaɗai ka ishe ni ciniki, Allah ya bar mu tare." Sai ta hango ni. "Ke kuma fa, cira ko turawa?"

Ya waiwayo. "A'a, Farfesa! Aiko ki aka yi? Ko ke ma kin fara taɓa asusu?"

Na girgiza kai. Na ga kumfar sabulu ta bushe a bayan hannuna, ta yi fari.

"To mene ne? Yi magana mana, ba na cizo. In alewa ce ki faɗa, yau Ustaz na da hali."

Matar ta miƙo hannu za ta karɓi katin. Na san in ya shiga na'urar nan ya fito, sau huɗun sun cika, saura babu. Na matsa har na shiga inuwar lemar, na ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa babba, na dubi katin maimakon fuskarsa.

"Yaya, don Allah," na ce, "in za ka cira yau, ka ciri mai yawa. Ka haɗa da na aski, da na mai, da na cefanen Hajiya, da duk abin da za ka buƙata har ƙarshen wata, ko ya fi haka ma. In kana tsoron abokai, ni zan riƙe maka, ba zan taɓa ko sisi ba. Wannan watan kawai, Yaya. Daga yau kada ka sake sa katin nan sai wata ya mutu, kuma don Allah kada ka gaya wa Hajiya ni na ce."